Shari'ar Littattafan Zane

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sam mini ɗan fili a cikin jaridarmu mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wani karatu da na yi cikin daminar da ta wuce, da dalilin da ya sa na yi shi. Ni dai tsohon malamin makaranta ne a nan Kano, na yi shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli, yanzu kuwa na aje aiki. Akwai abin kunya a gare ni cikin labarin nan, amma na ga gara in faɗe shi da bakina, ko wani ya ji ya kauce wa ramin da na faɗa.

Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a zaure, sai ga wana ya shigo da ƙunshi a hannu, ɗansa mai shekara goma sha huɗu yana biye da shi, kai a sunkuye. Ko gaisawa ba mu gama ba ya zube ƙunshin bisa tabarma, ya ce, "Malam, dubi abin da na tono ƙarƙashin katifar ɗanka. Ni ina can kasuwa ina neman kuɗin makarantarsa, shi kuwa yana nan yana kallon hotunan dodanni. Har na ɗauko ashana, uwarsa ta ce in dakata in kawo maka, tun da kai ne malami. Abin da ka yanke, shi za a yi."

Na kwance ƙunshin, na ga littattafai tara, duk na zane ne, cikin Turanci. Ga wanda bai taɓa ganin irinsu ba, kowane shafi an tsaga shi gida gida kamar na dara, a kowane gida akwai hoto, maganar mutanen kuwa an rubuta ta cikin wata 'yar da'ira da ke fitowa daga bakinsu. Labarun ƙagaggu ne, amma sun bambanta da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Masu su suna ɗaukar ilmin zamani ne, kamar na taurari da injuna da tsirrai, su ce, to, in abu kaza ya yiwu, me zai sami mutane? Ashe ma littattafan ba na yaron ba ne, aro ya yi wurin wani abokinsa. Da an ƙone su, da ya shiga bashin da ba ya iya biya.

Gaskiya, hukuncina a shirye yake tun ban buɗe ba. Sa'ad da nake aiki na ƙwace irin waɗannan a hannun yara ba adadi, na kulle a kabad, ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Na gyara murya zan yi magana ke nan, sai yaron ya ɗaga kai ya ce cikin ladabi, "Baffa, ka taɓa karanta su?" Uban ya daka masa tsawa, amma magana ta riga ta shige ni. Wane alƙali ne ke yanke shari'a bai saurari wanda ake ƙara ba? Sai na ce, "Yaya, ba ni wata biyu." Washegari na tafi wurin wani tsohon abokin aikina mai tarin littattafai, na ce ya ba ni aron na gaskiya, watau waɗanda ba ƙage a cikinsu, masu magana a kan abin da na zanen nan suke magana. Niyyata in jera su kusa da juna, in kama ƙarya dumu dumu, in nuna wa yaron. Ya ba ni guda uku.

Na fara da biyu daga cikin na zanen, na wani mutumin Beljiyam da ake kira Hergé, labarin wani saurayi ɗan jarida mai suna Tintin da suka tafi wata shi da abokansa. An fara buga labarin kaɗan kaɗan cikin mujalla a 1950, aka haɗa shi littafi biyu a 1953 da 1954. Ku lura da shekarun nan, jama'a: Rasha ba ta harba tauraron ɗan Adam na farko ba sai 1957, mutum kuwa bai taka wata ba sai 1969. Na ɗauki takarda na ja layi a tsakiya, dama na rubuta "mai yiwuwa", hagun na rubuta "ƙarya".

A gefen mai yiwuwa na sa rokarsu. An zana ta doguwa, mai ja da fari, da ƙafa uku. Ta tashi daga duniya a tsaye, ta sauka bisa wata a tsaye, ta komo gida ɗungum ba abin da ya ragu a jikinta. Na ce wannan hankali ya ɗauka, ai ko jirgin sama haka yake, ya je Jidda ya komo da fikafikansa. A gefen ƙarya kuwa, babban abin da na sa shi ne wai sun shiga wani kogo a can wata, suka tarar da ƙanƙara a ƙasansa. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ina ruwa a wurin da ba gajimare ba damina?

Sa'an nan na buɗe littafin gaskiya na farko, sunansa Carrying the Fire, wanda Michael Collins ya rubuta da kansa, aka buga a 1974. Shi ne cikon na ukun mutanen kumbon Apollo 11, wanda ya zauna yana kewaya wata sa'ad da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka ran 20 ga Yuli, 1969. Ban yi nisa ba na ga ashe abin da na sa a gefen mai yiwuwa, shi ne ya fi nisa da abin da aka yi. Rokar da ta ɗauke su, Saturn V, tsawonta ƙafa 363, nauyinta kusan tan 3,000, galibinsa kuwa mai ne. Hawa uku gare ta. Hawan ƙasa ya cinye mansa cikin kamar minti biyu da rabi, aka yar da shi ya faɗa teku. Na biyu ma da ya cinye nasa, aka yar da shi. Na uku ya tunkuɗa su zuwa wata, shi ma aka rabu da shi. Gindin abin da ya sauka bisa wata yana can har yanzu. Abin da ya komo duniya ran 24 ga Yuli wani ɗan ɗaki ne kurum mai siffar malfa, nauyinsa bai kai tan shida ba.

Dalilin yin haka kuwa, duk wanda ya san ayari zai gane. Madugun da zai ratsa hamada mai nisa, in ya ƙara guzuri sai ya ƙara raƙumi, raƙumin nan kuwa shi ma yana son nasa abincin, wanda sai wani raƙumin ya ɗauka. Haka nauyi zai yi ta haifar nauyi. Dabara ita ce, duk raƙumin da aka cinye kayansa a bar shi a zango, a wuce da saura. Tsakaninmu da wata kamar mil 239,000 ne, har yau kuwa ba wanda ya je can ya komo cikin roka guda ɗungum irin ta Tintin.

Ran wata Asabar yaron ya zo gaishe ni, na nuna masa takardata, ina jin daɗi na kama ƙarya ɗaya ko da yake ba inda na zata ba. Ya duba gefen hagun, ya yi murmushi ya ce, "Baffa, ai an sami ƙanƙarar." Ban yarda ba, sai da na koma wurin abokina muka bincika tare. Ashe ran 9 ga Oktoba, 2009, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta faɗa da wani ɓangaren roka da gangan cikin wani rami mai suna Cabeus, can kusa da ƙuryar kudancin wata, wani kumbo na biye yana auna ƙurar da ta tashi, aka sami ruwa a ciki. Ramummukan wajen suna da zurfi, hasken rana ba ya kai ga ƙasansu ko kusa, saboda haka ƙanƙara ba ta narkewa. Ba cikin kogo take shimfiɗe kamar yadda Hergé ya zana ba, gauraye take da ƙasa, amma dai ga ta nan, shekara 55 bayan littafinsa.

To, jama'a, kun ga kunyar da na ce. Abin da hankalina ya karɓa, shi ne wanda ba a taɓa yi ba. Abin da na yi wa dariya, shi ne aka je aka tarar. Da na yanke shari'a ran da aka kawo mini ita, da na yi kuskure biyu a zama ɗaya, ina kuwa ganin kaina malami. Daga nan na san cewa jin jiki ba ya raba gaskiya da ƙage cikin irin wannan al'amari, sai an koma ga waɗanda suka auna. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma sai in babban ya buɗe ido.

Akwai wani wuri cikin labarin Tintin da ya hana ni barci. An shirya iskar shaƙa ta mutum huɗu ce, sai ga wasu 'yan sandan ciki biyu sun shiga rokar bisa kuskure, ga kuma wani maƙiyi da aka ɓoye a ciki. A hanyar komowa iska ta yi kaɗan. Injiniyansu mai suna Wolff, wanda shi ne ya ci amana ya ɓoye maƙiyin saboda bashin caca ya ɗaure shi, ya bari kowa ya kwanta, ya rubuta 'yar takarda, ya buɗe ƙofa ya fita cikin sarari, domin numfashinsa ya ishi saura. Na aje littafin ina tunani, ashe mai zanen dodanni yana iya sa tsoho ya tambayi kansa, in ni ne fa?

Littafin gaskiya na biyu, Lost Moon, na Jim Lovell da Jeffrey Kluger, wanda aka buga a 1994, ya nuna mini yadda irin wannan ta faru a fili. Cikin Afrilu 1970 tankin iskar kumbon Apollo 13 ya fashe, suna kamar mil 200,000 daga duniya. Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka ƙaura cikin ɗan kumbon sauka, wanda aka yi domin mutum biyu su yi kwana biyu, su uku suka yi kusan kwana huɗu a ciki, ga sanyi ga ƙarancin ruwan sha. Abin da ya kusa halaka su, iskar da su da kansu suke fitarwa ce ta taru a ɗakin. Suna da gwangwanayen tace ta, amma masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a sa su kuwa kewayayye ne. Injiniyoyi a birnin Houston suka tattara irin tarkacen da ke cikin kumbon, leda da kwali da tiyo da tef, suka harhaɗa, suka karanta musu yadda za su yi ta rediyo. Ran 17 ga Afrilu duk su uku suka sauka teku da ransu. Mai zane ya warware matsalar da sadaukar da rai, injiniyoyi suka warware ta da lissafi da kwali. Na ga ya kamata yaro ya san duka biyun, domin watarana zai bukaci zuciyar ɗaya da ƙwaƙwalwar ɗayan.

Shi ma Collins, ko da yake mutumin lissafi ne, bai ɓoye tsoronsa ba. Duk kewaye ɗaya da ya yi, yakan shige bayan wata kamar minti 48, ba mai jinsa a rediyo. Ya ce kaɗaicin bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, kada injin abokansa ya ƙi tashi daga wata, ya zama shi kaɗai zai komo gida. Wani abu kuma da na samu wajen binciken nan, wanda ni ɗan Kano ban sani ba duk tsawon aikina: a farkon tafiye-tafiyen nan, Amurka ta kafa tashoshin bin sawun kumbo a wurare dabam dabam na duniya, ɗaya kuwa a nan Kano take. Tana cikin waɗanda suka bi sawun John Glenn ran 20 ga Fabrairu, 1962, sa'ad da ya kewaya duniya sau uku. Yara nawa suka wuce ta hannuna ban gaya musu wannan ba?

Sauran littattafan zanen bakwai labari ɗaya ne, na wani mutumin Japan, Hayao Miyazaki, wanda ya yi ta zana shi daga 1982 har 1994. Bugun da ya zo hannuna daga dama ake buɗe shi zuwa hagun, kamar littafin ajami. Labarin wata 'yar sarki ce mai suna Nausicaä, shekara dubu bayan yaƙi ya rushe duniyar injuna. Wani daji na manyan tsirrai masu kama da laimar kwaɗi yana ta cin ƙasa, yana fitar da iska mai dafi, ba mai shigarsa sai ya rufe hanci da baki, a ciki kuwa akwai ƙwari da suka fi gidaje girma. Kowa na ganin dajin nan shi ne maƙiyi. Ita kuwa yarinyar ta ɗebo irin tsirran a ɓoye, ta shuka su da tsabtatacciyar ƙasa da ruwan rijiya mai zurfi, sai ta ga ba su da dafi ko kaɗan. Ashe dafin a cikin ƙasar yake, wadda mutanen da suka ɓata, dajin kuwa tsotse shi yake yi.

Na haɗa wannan da littafin gaskiya na uku, Silent Spring, na wata masaniyar halittun ruwa 'yar Amurka, Rachel Carson, wanda aka buga a 1962, a kan magungunan kashe ƙwari irin su DDT. A ciki ta ba da labarin wani tafki a jihar Kalifoniya, Clear Lake, inda aka zuba wani ɗan'uwan DDT a 1949 da 1954 da 1957 domin kashe wasu ƙananan ƙwari masu damun masu kamun kifi. Abin da aka zuba bai wuce ɗigo ɗaya cikin ɗigo miliyan 50 na ruwa ba. Amma ƙananan halittun ruwa suka sha, kifi ya ci su, tsuntsayen ruwa masu nutso suka ci kifin, suka shiga mutuwa. Da aka auna kitsen jikinsu, aka sami maganin ya kai kashi 1,600 cikin miliyan, watau ya ninka na ruwan sau 80,000. Dafin ba ya ɓacewa, taruwa yake yi daga baki zuwa baki. Ita Carson ba ta ce a bar magani sam ba, ta ce ne a san abin da ake zubawa, da yawansa, da inda zai ƙare. Ta rasu a 1964, a 1972 kuma Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki.

In faɗa muku gaskiya, da ban ga yarinyar nan da tukwanen shukarta ba, da ban jure wa alƙaluman Carson har ƙarshe ba, domin littafin yana da nauyi. Da kuma ban karanta Carson ba, da na ɗauki dajin Miyazaki tatsuniya ce kawai. Abin ya kuwa taɓa gidanmu, don wana sana'arsa ajiyar wake ce, kowa kuma ya san yadda wasu ke barbaɗa magani cikin buhu ba awo. Ai a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Da wata biyu suka cika, na kira su duka biyu. Na ce, "Yaya, ba za a ƙone ba." Ban ɓoye masa aibun littattafan ba. A na Tintin akwai wani kaftin mashayi, ko da yake labarin kansa yana kunyata shi. A na Miyazaki akwai yaƙi da jini da yawa, bai dace da ƙaramin yaro ba. Yaron da ya saba da hoto kaɗai kuma, lalle zai iya yin ƙyuyar shafin da ba hoto. Saboda haka na sa sharaɗi: duk littafin zane ɗaya da ya karanta, sai ya karanta na gaskiya ɗaya a kan wannan magana, ya zo ran Asabar da takarda mai layi a tsakiya, ya gaya mini abin da mai zane ya ƙaga, da abin da aka auna aka tabbatar. Aikin makaranta kuwa shi ne gaba. Wana bai gamsu ƙwarai ba, ya ce shi dai sakamakon jarrabawa zai duba, in ya ga ja da baya, magana ta tashi. Na ce na yarda, hakkinsa ne. Sai dai yana shirin fita ya juyo ya ce in sake gaya masa labarin tafkin nan da tsuntsaye, a hankali.

To, 'yan'uwana malamai, ga roƙona gare ku. In kun kama yaro da irin wannan littafi, ku karɓa in ya cancanta, amma ku tafi da shi gida ku karanta kafin ku yanke hukunci. Ku nemi tambayar da ke ciki, ku nemo littafin gaskiya da zai amsa ta, ku haɗa wa yaron su biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Marubutanmu da masu zanenmu kuma, me ya hana ku? Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, ya nuna harshenmu yana iya ɗaukar labarin sararin sama. Duk littattafai goma sha biyun nan da na karanta, ba ko ɗaya da Hausa, yaron da bai iya Turanci ba kuwa an rufe masa ƙofa biyu ke nan. Ina fatan wani mai karatun jaridar nan zai ɗauki alƙalami ya fara, ko da da labarin tashar nan ta Kano ne.

Ni kuma ina neman afuwar yaran da littattafansu suka tsufa cikin kabad ɗina, in akwai mai karanta wannan a cikinsu.

Ni ne naku,
Wani tsohon malamin makaranta, Kano.